Ɗakin duban taurari a jami'a: abin da sararin Tahoua ke buƙata kafin a sayo teleskop

Duk sanda aka tayar da zancen kafa ɗakin duban taurari a jami'a, tambayar da ke fara fitowa ita ce girman teleskop ɗin da za a saya. Tambayar ta yi gaggawa. A gari irin Tahoua, abubuwan da ke durƙusar da irin wannan ɗaki su ne ƙura, da zafin da gini ke sha da rana ya amayar da dare, da wutar da ke ɗaukewa, da makullin da ke kwana a aljihun mutum ɗaya. Ƙaramar na'urar da aka yi wa mazauni nagari za ta shekara ashirin tana aiki. Babbar da aka ɗora kan rufin kankare kuwa, kafin hunturu biyu ta koma kayan nuna wa baƙi.

Tahoua na kan digiri 14.9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Yamai kuma 13.5, kuma kusan duk tsarin ginin daga wannan lamba yake fita. Tauraron arewa, wanda ake saita na'ura da shi, tsayinsa daga ƙasa daidai yake da wannan lamba, wato digiri 15 kacal. Dogon yaro ɗaya ya isa ya rufe shi. Ribar ita ce kudu a buɗe take. Canopus na hawa har digiri 22, dunƙulen taurarin nan Omega Centauri na kai wa kusan 28, kuma daren Afrilu da Mayu ana ganin Gicciyen Kudu da Alpha Centauri a can ƙasa, abin da ɗalibin Paris ba zai taɓa gani daga gida ba. Tsakiyar farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama tana hawa digiri 46 a daren damina.

Wuri da gini

Kada a yarda da shawarar ɗora shi kan bene, ko da ita ce ta fi araha. Kankare na ajiye zafin yini, da dare iska mai ɗumi na tashi daga jikinsa, sai ka ga duniyar Mushtari (Jupiter) na rawa a cikin na'ura kamar abin da ake hange ta saman murhu. Ga kuma girgiza: ɗalibi ɗaya ya hau matakala, hoto ya lalace. A nemi fili a cikin harabar jami'a, ƙasa ko ciyawa, nesa da kwalta da fitilun ɗakunan kwana, inda yamma da kudu ba su da katanga. Gaskiya ne daji ya fi duhu, amma wurin da sai da mota da rakiya ake zuwansa ba ya ganin ɗalibai, kuma da halin tsaron da ake ciki ba wanda zai sa hannu a takardar fita da yara talatin da dare.

Abu na farko da ake zubawa shi ne ginshiƙi. A haƙa rami santimita 80 faɗi, 80 tsawo, 80 zurfi, in rairayi ne a ci gaba har a taɓa ƙasa mai tauri. A kansa a tayar da ginshiƙi mai kaurin santimita 30, tsayi mita ɗaya da ɗan wani abu, da ƙarfen gini a ciki. A kwaɓa siminti kilo 350 ga kowace kubik mita ta kankare. Duka aikin buhu biyar ya ishe shi. Tun yana ɗanye a dasa ƙarfe uku masu zare, masu kaurin milimita 14 ko 16, waɗanda za a ɗaure farantin ƙarfe a kansu da noti sama da ƙasa don a iya daidaita shi. A yi ta ba shi ruwa mako guda, a lulluɓe da buhu, kuma kada a ɗora masa kaya sai ya cika kwana 28. Wurin da magina suka fi kuskure shi ne daɓe. Dole a bar rata ta santimita biyu zuwa uku tsakanin daɓen ɗakin da ginshiƙin, a cike ta da soso. Magini ya ga rata, hannunsa zai yi ƙaiƙayin toshe ta da siminti, kuma da ya toshe, tafiyar kowa a ɗakin za ta shiga cikin na'ura. A tsaya a kansa ranar.

Ƙubba mai juyawa tana da kyau a hoto, amma ba na ba da shawararta. Ƙafafunta na cin yashi, gyaranta sai an yi oda daga waje, kuma mutum biyar sun cika ta. Ɗaki mai kusurwa huɗu, mita uku da rabi kowane gefe, da rufin da ke gungurawa kan dogo biyu, duk mai waldan da ya taɓa yin ƙyauren gareji zai iya shi. A yi ƙashinsa da ƙarfe, don gara ba ta barin katako. Bango ya zama marar nauyi, kwano ninki biyu da iska a tsakani, a shafe shi da farin fenti, a bar tagogin iska masu raga a ƙasa da sama. Bangon laka na da daɗin kwana, amma a nan ajiyar zafin da yake yi ita ce illarsa.

Tsayin bango lissafi ne, ba ra'ayi ba. Don a ga abu a digiri 15, bango ba zai ɗara tsakiyar na'ura da fiye da santimita 27 ba ga kowace mita ta nisa. In bangon na nesa da mita 1.75, iyakarsa santimita 47 sama da na'urar. Rufin kuma arewa ya kamata ya gungura, don yamma ta jinjirin wata ce, kudu ta taurarin da muka ambata, gabas kuma ta nan hadari ke tasowa. A sa ƙugiyoyi huɗu masu ɗaurewa daga ciki, ɗaya a kowace kusurwa. Guguwar farkon damina ba ta neman izini, kuma rufin da ke zaune kan ƙafafu kawai, fiffike ne.

Kada a nemi arewa da kamfas a kusa da ƙarfen gini, zai yi ƙarya. A rataya zare da nauyi, a shata inuwarsa daidai lokacin da rana ta take tsaka. A Tahoua wannan lokaci ba ƙarfe 12 ba ne, yana yawo tsakanin 12:23 da 12:53 gwargwadon watan da ake ciki, kuma manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, na bayar da mintin kowace rana. Wannan inuwa ita ce layin kudu da arewa.

Na'urorin kansu

Biyu suka fi ɗaya babba. Ta farko mai madubi milimita 200, tsawon haskenta 1200, irin da ake kira Dobson, wadda ake turawa da hannu ba ruwanta da wuta. Tana tara haske sau 800 fiye da ƙwayar ido. Girman da take bayarwa ana samunsa ne ta raba 1200 da lambar ƙaramin gilashin da ake sa ido: na milimita 25 ya ba da ninki 48, na 10 ya ba da 120. Masu sayarwa na rubuta ninki 500 a jikin kwali. A yi watsi da wannan, don iskar garinmu ba ta cika barin a wuce 150 ko 200 ba. Abin lura, a ninki 120 tauraro na ratsa filin gani cikin daƙiƙa ɗari, saboda duniya na juyawa digiri 15 a awa, don haka mai kula da layi sai ya riƙa turawa bayan kowane mutum biyu.

Ta biyu ita ce ta kan ginshiƙi: mai rufaffen baki irin Schmidt-Cassegrain, milimita 203, a kan mazauni mai mota da ke bin juyawar sama. Rufaffen bakin ne ya sa na fifita ta, don ƙura ba ta kai wa babban madubi. Kafin a biya kuɗin mazauni a duba takardarsa a ga ko yana sauka zuwa digiri 14, domin da yawa an ƙera su ne don Turai da Amurka, kuma a ƙasashenmu nauyin da ke daidaita na'urar kan buga ƙafar mazaunin. A kan ginshiƙi wannan matsala na raguwa. Da yake rufin na iya kare tauraron arewa, a saita da hanyar zamewa: a kama tauraro a tsakar sama wajen kudu, a bi shi minti goma, in ya zame sama ko ƙasa a gyara juyin mazaunin hagu ko dama, sannan a kama wani a gabas can ƙasa, a gyara tsayinsa. Aikin dare ɗaya ne, bayansa a ɗaure noti, a hana kowa taɓawa.

Sai madubin hange na hannu mai ido biyu, 10×50, guda huɗu ko biyar. Sun fi komai arha kuma sun fi komai fita.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodélé na Chadi. Akwai daren da ba gajimare ko ɗaya amma kaza da ƴaƴanta da kyar ake ganinsu. Irin wannan dare kada a buɗe rufi. Mafi kyawun sama ita ce ta Oktoba da farkon Nuwamba, da kuma daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi a damina, don haka jadawalin aikin ɗalibai ya bi wannan, kada ya bi son ran mai tsara darussa.

Hatsarin ƙura ba zamanta a kan madubi ba ne, goge ta ne. Madubi mai ɗan ƙura yana aiki lafiya. Amma fuskar madubin ɓawon alminiyam ne da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ƙurar kuma ƙwayoyin yashi ne masu kaifi. Mai shara mai kyakkyawar niyya ya sa tsumma sau ɗaya, ya gama da shi. A rubuta wannan a jikin ƙofa da Hausa da Faransanci.

Wanki sau ɗaya a shekara ya isa, bayan hunturu. A sa alama a gefen madubin don ya koma yadda yake, a cire shi, a hure ƙurar da ƴar robar hura iska, a kwantar da shi cikin roba mai ruwa mai ɗumi da ɗigo biyu na sabulun ruwa, minti goma. A ja auduga a kansa cikin ruwan, nauyin audugar kaɗai, ja ɗaya a jefar a ɗauki sabuwa. A ɗauraye da tataccen ruwa, a jingine shi ya tsane da kansa. Ruwan rijiya ko na famfo na barin tabon gishiri. Tataccen ruwan ana samunsa wajen masu batir, amma a karanta kwalbar da kyau, don kusa da ita ake ajiye mai asid. Wajen mayarwa, ƴan maƙallan da ke riƙe madubin kada a matse su. A bar ratar da takarda za ta shiga. In aka matse, taurari za su fito da kusurwa uku, a yi ta zargin kamfani. Daga nan a sake saita madubai, a gwada da tauraro mai haske: a ɗan kauce daga saiti, in zobban da suka fito suna zagaye da juna daidai, an dace.

Kowane dare bayan an gama, a rufe baki da gindin na'ura, a lulluɓe da yadi mai numfashi, ba leda ba. Zanzaro na son gina ɗakinsa a cikin bututu, kunama kuma na son ƙarƙashin akwatin gilasai, saboda haka a haska kafin a sa hannu.

Wuta

Komai ya tafi kan volt 12 daga batir, kada a dogara da wutar gari. Mazauni na cin kamar wat 20, kyamara mai sanyaya kanta 30, kwamfuta 50, jajayen fitilu 5. A ce wat 100 na awa shida, 600 ke nan, wato amfiya-awa 50. Batir mai darma ba a shanye fiye da rabinsa, don haka a sayi na 100, da farantin sola na wat 200 da ake sharewa duk mako. Zafi na rage wa irin wannan batir rai da rabi a duk ƙarin digiri goma sama da 25, don haka a ajiye shi ƙasa a inuwa. In mazauni ya fara tsayawa yana ƙara a tsakar dare, a auna batir kafin a kwance komai, yawanci ya sauka ƙasa da volt 11 ne. A sa fis na amfiya 5 a kowane layi, a kuma yi wa wayoyi alama, don juya ja da baƙi sau ɗaya na ƙona allon cikin mazaunin.

A buɗe rufi awa guda kafin a fara, madubi ya huce ya yi daidai da iskar waje. Ido kuma na buƙatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu, kuma hasken waya ɗaya na mayar da shi baya.

Abin da ɗalibai za su auna

In ɗalibi ya leƙa ya ce masha Allah ya tafi, bai yi kimiyya ba tukuna. Aikin da na fi so a ba ƴan shekarar farko shi ne auna nauyin Mushtari. Manyan watanninsa huɗu na zagaye shi: Io cikin kwana 1.77, Europa 3.55, Ganymede 7.15, Callisto 16.69. A ɗauki hoto kowane dare mako uku, a auna nisan kowane wata da faɗin Mushtari, wanda ya kai kilomita 143,000, a fitar da tsawon zagaye da faɗinsa, a sa a doka ta uku ta Kepler, wadda ke fitar da nauyin abin da ake zagayawa daga lokacin zagaye da faɗinsa. Amsar na zuwa kusa da kilo 1.9 × 10²⁷. Inda ake faɗuwa biyu ne: rikita wannan wata da wancan, da rubuta lokaci da agogon Nijar a wani dare, da na duniya a wani. Awa ɗaya ce tsakaninsu, kuma ga Io awa ɗaya ba wasa ba ce. Rajista ta tafi da agogon duniya kaɗai.

Akwai taurari masu sauya haske da ko na'ura ba sa buƙata. Algol na dusashewa duk kwana 2.87, daga 2.1 zuwa 3.4 a ma'aunin da babbar lamba ke nufin ƙarancin haske. Ƙungiyar AAVSO ta masu lura da irin waɗannan taurari, da aka kafa a 1911, na karɓar irin waɗannan alƙaluma daga kowa.

Ita kanta ƙurar abin aunawa ce. Haske daga tauraron da ke digiri 30 na ratsa iska ninki biyu na wanda ke tsakar ka. A bi tauraro ɗaya yana gangarawa, a auna haskensa duk rabin awa, a zana layin haskensa gwargwadon kaurin iskar da ya ratsa. Gangarar layin ita ce yawan hasken da iskar daren ta cinye. A kan tsaunuka masu tsabta ba ta cika wuce 0.2 a ma'aunin hasken taurari ba. Ɗalibin da ya yi wannan hunturu uku a jere yana da abin kwatantawa da tashar auna ƙura ta AERONET da ke Banizoumbou, gabas da Yamai.

Mutanen gari

Daren jama'a a sa shi tsakanin 6 da 8 ga watan Musulunci. Mutane za su nemi daren sha huɗu, amma cikakken wata fari ne fat ba inuwa. A rabinsa ne ramuka da tsaunuka ke fitowa a bakin duhu. A fara bayan Magariba, a tsaya don Isha'i. Na'ura ɗaya na ɗaukar kamar mutum sittin a awa, don haka aji biyu na makaranta sun isa dare guda. A yi layin mata dabam, a tanadi ƴar kujera ta yara, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro tun da rana, don dogon bututu da ke kallon sama da dare na iya jawo fassarar da ba a so. Koren hasken nuni kada ya wuce miliwat 5, ya zauna a hannun malami, a kashe shi da an ji jirgi.

Dattijo zai sa ido ya ce, "Malam, ni ban ga komai ba." Kada a taɓa na'urar. A dubi fuskarsa: hasken watan na fitowa daga gilashin ya sauka a kumatunsa ko girarsa kamar ƙwayar gero. "Baba, ɗan sunkuyo kaɗan, yi hagu," har ɗigon ya hau ƙwayar idon. Daga salatin da zai yi za a gane ya gani. A nuna masa kuma cewa Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, Zuhura, kuma a na'ura takan yi rabi ko lauje kamar wata.

Alƙibla hidima ce da ba ta cin ko dala. Daga Tahoua tana wajen digiri 73 da rabi daga arewa, wato gabas da ɗan karkata hagu. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana na tsaye a kan Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan minti ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar zare mai nauyi ta ba shi layin. Ɗalibai biyu da alli sun isa masallaci guda.

Jinjirin wata sai da taka tsantsan. Sanar da gani ba aikin jami'a ba ne, na hukumomin addini ne. Aikin ɗakin shi ne ya faɗi inda za a duba da lokacin. In tazarar wata da rana ba ta kai digiri 7 ba, ba a ganinsa ko da na'ura. Lokacin da ya fi kyau shi ne kashi huɗu cikin tara na tazarar faɗuwarsu: in wata zai faɗi minti 45 bayan rana, a zuba ido minti 20 bayan faɗuwarta. Gefensa mai haske kullum yana kallon inda rana ta faɗi. Abin da aka gani ya saba wa haka, zaren gajimare ne ko hayaƙin jirgi. Kuma kada a ɗaga madubin hange yamma sai rana ta ɓace gaba ɗaya.

Husufin rana na 29 ga Maris 2006 ya ratsa Nijar cikakke. Na 2 ga Agusta 2027 zai cika a Aljeriya, Libiya da Masar, inda a Luxor zai wuce minti shida, mu kuma za mu samu wani sashe da safe. Tabarau masu lambar ISO 12312-2 a yi odarsu tun watanni kafin nan, a ɗaga kowane a hasken fitila, mai huda ko ƙarce a yar. Matatar rana ta na'ura a bakin gaba ake ɗaure ta, a ƙara da salatif, a cire ƙaramin madubin nema don yara kan leƙa ta nan. Gilashin da aka turara da hayaƙi, da tsohon hoton asibiti, da tabarau na kwalliya, ba ɗaya da ke kare ido. Waɗanda tabarau bai kai gare su ba, a shimfiɗa farin zane a ƙasa, a riƙe matsamin taliya mai huji a sama da shi kamar mita ɗaya, kowane huji zai zana ƙaramar rana da gefenta a gutsure.